Bulok ɗin Maƙwabcinmu da Tukunyar Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yarta ta fari, ita kuma irin matan da ce, waɗanda ko kallon ɗan fari ba sa yi a gaban mutane. "Ke" nake tun ina yarinya, "ke" nake har na yi aure, na haihu, na zama ma'aikaciyar jinya a Amurka, furfura ta fara leƙo min a goshi. Idan za ta yi maganata da wani sai ta ce "waccan". Ƙannena kuwa sunayensu ba sa fita daga bakinta, har da na wasa. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana ci min rai.

Shekarar da ta zo wajenmu a Bowie ta yi mana 'yan watanni, sai ga kunya biyu a gida ɗaya: wadda ke tsakanina da ita, da wadda ke tsakaninta da maigidana. Shi injiniya ne, yana wuni yana magana a gaban Turawa ko in'ina ba ya yi, amma da ya hango gefen mayafin Inna sai harshensa ya ɗaure. Da safe zai durƙusa daga bakin falo, ido a ƙasa, ya ce, "An tashi lafiya?" Ita kuma ta kau da kai wajen bango ta amsa wa bangon. Shi ke nan, hirar yini ta ƙare. Gidajen ƙasar nan ba don surukai aka gina su ba, kicin a buɗe yake cikin falo, matakala kuma ɗaya ce. Bawan Allah ba ya iya cin abinci a gabanta, sai ya koma ɗaukar kwanonsa yana shiga gareji, yana ci a kan kujerar roba tsakanin injin yankan ciyawa da tsofaffin kekuna. Na yi masa tsiya har na gaji na bari.

Komai na Amurka Inna ta yaba shi, ko ta yi shiru a kansa, ban da tukwane. Ranar da ta fara shiga kicin ɗina ta ɗaga babbar tukunyata da yatsu biyu, ta ƙwanƙwasa gindinta, ta ajiye.

"Wannan ai gwangwanin madara ne aka yi wa hannu," in ji ta.

Da Babbar Sallah ta zo muka soya naman layya, na ƙasa ya kama, na sama bai soyu ba. Inna ta wuni tana ba jikokinta labarin tukwanen gida, da murya yadda zan ji daga kicin. Ta ce masu zubi kan tara tsofaffin kayan inji da duk wani tarkacen alminiyom, wanda ita take kira dalma, su narkar da shi, su zuba a cikin ƙasar da suka yi wa siffar tukunya. Tata tukunyar ta girme ni, har yau ba ta huje ba. Yaran suka amsa mata da Turanci suka koma kan wayoyinsu.

Maƙwabcinmu na hannun dama wani dattijo ne baƙar fatar Amurka, tsohon direban bas. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana can wata jiha mai nisa. Yana da wata tsohuwar mota ta shekarun sittin, irin masu dogon hanci da ƙofa biyu, waɗanda aka ƙera don gudu da ruri kawai, suna shan mai kamar ba gobe. Duk Asabar da hantsi sai ya tayar da ita, tagoginmu su ɗauki rawa. Idan na kwana a wajen aiki na dawo ina neman barci, Allah kaɗai ya san abin da nake faɗa a ƙarƙashin bargo. Maigidana kuwa da ya ji rurin sai ya ajiye abin da yake yi ya tsallaka. Ta motar nan suka ƙulla abota, sai su wuni kawunansu a cikin bonet, ƙafafunsu kawai ake gani.

Amma akwai abin da dattijon ya fi ji da shi fiye da motar. Wani bulok ɗin inji ne, wato gangar jikin injin tsurarta, ba fistin ba komai, sai ramuka takwas, huɗu nan huɗu can. Mahaifinsa ya yi aiki a gidan zubin wani kamfanin motoci a Michigan, lokacin da kamfanoni ke rige-rigen wanda motarsa za ta fi gudu. Da baƙin ƙarfe ake zuba bulok a wancan zamani, mai nauyin tsiya. Sai kamfanin ya gwada zuba wasu 'yan kaɗan da alminiyom don a rage nauyi, na gwaji kawai, ba a taɓa kai su kasuwa ba. Da aka watsar da shirin aka mayar da yawancinsu wuta aka narke. Wannan ɗayan ubangidan mahaifin ne ya bar masa, domin shi ya haɗa yashin da aka zuba shi a ciki da hannunsa. Masu son tsofaffin motoci kan yi doguwar tafiya su zo su tsaya a kansa suna kaɗa kai, wasu su yi ta roƙo ya sayar musu, shi kuwa ya ba su kofi ya raka su ƙofa.

Da likitoci suka sa masa ranar tiyatar ƙugu, aka ce daga asibiti zai wuce gidan da ake koya wa mutum tafiya ya yi 'yan makonni, ma'aikata kuma za su shiga gidansa su kafa masa abin dafawa a banɗaki da matakala. Bai yarda ya bar bulok ɗin a gaban baƙin ido ba. Shi da maigidana suka turo shi a kan 'yar kura, suka ɗora shi a kan katako a kusurwar garejinmu. Ina tsaye dattijon ya dafa shi ya ce wa maigidana, "Ba ni da hoton mahaifina yana aiki ko ɗaya. Wannan ne hoton. In na fito, shi nake so in fara gani."

Maigidana ya ce masa a wajenmu amana ake kiran wannan, ya yi masa bayaninta, dattijon ya yi ta maimaita kalmar har ta zauna a bakinsa. Ni dai na dubi abin, ruwan toka, ba ƙyalli ba fenti, na ce a raina, wannan ne ake tasowa daga nesa a gani? Ko a bola na gan shi ba zan waiwaya ba.

Babu wanda ya gaya wa Inna. Maigidana ba zai iya ba, ni kuma me zai kawo bulok ɗin inji cikin 'yar hirar da nake yi da Inna?

Ita wannan kusurwa kuwa, nan muke tara kayan da za a aika gida: durom na tufafin da suka yi wa yara kaɗan, takalma, man shafawa, wani tsohon keken ɗinki. Mai ɗaukar mana wani Alhaji ne ɗan Maraɗi da ke zaune a Silver Spring. Yana tuƙa fasinja, yana kuma loda kwantena zuwa Kwatano, motoci da tayoyi da firji, da tarkacen ƙarfe na cike gurbi. Jininsa ya haɗu da na Inna tun zuwansa na farko, don kakarta 'yar can wajensu ce. Wata Alhamis ya zo ɗaukar kaya, ina wajen aiki, maigidana kuma ya yi tafiya, Inna ce ta buɗe masa gareji.

Ranar Asabar da safe maigidana ya dawo. Ya gaida bangon da Inna ke kallo, ya ɗauki kwanon ƙosansa ya shiga gareji. Ban gama zuba shayi ba sai ga shi ya dawo kicin, kwanon a hannunsa ko ɗaya bai taɓa ba. Rabon da in ga fuskarsa haka tun ranar da aka yi masa waya mahaifinsa ya rasu.

"Bulok ɗin ba ya nan," ya ce da raɗa.

"Wane bulok?"

"Na dattijo. Katakon ne kawai."

Inna tana falo tana jan carbi, muna hango ta. A makon da za a shiga ake sallamar dattijon, 'yarsa ta riga ta yi mana waya.

"Ki tambaye ta," in ji shi. "Amma don Allah a hankali. Kada ki nuna mata akwai wani abu."

"Kai ba ka da baki ne?"

Ya dube ni kamar na ce ya fita titi ba wando. Na goge hannuna na je na tsuguna kusa da ita, na ce, "Inna, wani ƙarfe da ke gareji a kan katako, ko kin gan shi?"

Ba ta ɗago kai ba. "Dalmar nan? Na ba Alhaji. Ƙanensa mai zubi ne a Maraɗi. Dalma mai kyau haka a bar ta tana shan ƙura, gida kuma ba tukunya."

Ta faɗa ne da wani jin daɗi da take ƙoƙarin ɓoyewa, na gan shi a gefen bakinta. Na buɗe baki, maganar ta taso min har wuya. Daga kicin maigidana yana girgiza kai, ya haɗa tafin hannuwansa yana roƙona. Na haɗiye. Na ce, "To, Allah ya saka da alheri, Inna."

"Amin," ta ce wa carbinta.

Muka kira Alhaji, wayarsa a kashe. Muka sake kira, a kashe. Sai muka ce wa Inna za mu je cefane, muka kama hanyar filin da suke loda kwantena, can bayan Upper Marlboro. A mota na sauke masa duk abin da na haɗiye a falo. Na ce wace irin kunya ce wannan da za ta hana mutum ya ce wa surukarsa ga kayan mutane kada a taɓa? Na ce ga inda cin abinci a gareji ya kai mu. Ya bar ni na yi har na gaji, sannan ya ce, "Ke ma ai kina tsaye aka kawo shi."

A filin muka tarar da abokin aikin Alhaji, wani ɗan ƙasarsu, yana ɗaure tayoyi. Muka gaisa, maigidana ya tambaye shi.

"Kwantena ta ruhe jiya," in ji mutumin. "Kamiyo, babbar motar kaya, ya kai ta tashar jirgin ruwa ta Baltimore. Duk alminiyom da ke nan munka zuba ciki, ko guntu ba mu bari ba."

"Ba yadda za a yi a buɗe?"

"In ta shiga tasha ta shiga, sai Kwatano. Can kuwa masu saye na jira, kwana kaɗan kaya ya shiga wuta."

Maigidana ya nemi wata taya ya zauna a kai, ya cire hularsa ya riƙe. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Me zan ce masa? Mutum a bakina ya koyi kalmar."

Nan take fushina ya tafi, tausayi ya maye gurbinsa. Na tuna dattijon a kan gadon asibiti yana koyon ɗaga ƙafa don ya zo garejinmu. Na ce mu je gidan Alhaji, ko lambar wanda zai karɓi kayan a can ma samu. Ni kaina ban ɗauka zai yi wani amfani ba, zama a kan tayar ne ba na so ya ci gaba da yi.

Alhaji a wani dogon bene yake a Silver Spring, hawa na uku. Matarsa ta buɗe mana, ta ce barci yake, ya kwana tuƙi, shi ya sa ya kashe waya. Ta taso shi. Aka kawo ruwa, aka shiga gaisuwa. Ina gida, ina yara, ina Hajiya, ina gajiya, ina labarin mutanen gida. Zuciyata tana tafasa bakina yana cewa lafiya lau. Da aka gama maigidana ya fara kewaye-kewaye, wai dama mun biyo ta nan ne. Na katse shi.

"Alhaji, ƙarfen nan da Inna ta ba ka, yana cikin kwantenar da ta tafi?"

Alhaji ya dube ni, sai na ga kamar na ɓata masa rai.

"Haba Madam! Kayan Hajiya in zuba shi cikin na jama'a? Wancan tarkace na saidawa ne, an riga an yi cinikinshi. Abin da tsohuwa ta damƙa mini hannu da hannu, ƙanena za ya amshe shi hannu da hannu. Sai kwantena mai zuwa, cikin durom nawa na kaina." Ya nuna bayan doguwar kujerar da muke zaune a kai. "Wala, ga shi nan."

Muka juya tare. Wani ƙunshi ne a jikin bango, an naɗe shi da bargo mai manyan furanni ja da ruwan ɗorawa, an ɗaure da igiya. Kusa da shi an jingine wata ƙatuwar guduma.

"Tun shekaranjiya nake tuntuɓe da shi," in ji matar Alhaji. "Kuma bargona na kirki ya ɗauka."

Maigidana bai ji ta ba. Ya riga ya durƙusa yana kwance igiyar. Ya yaye bargon. Ga shi nan, ruwan toka, ramuka huɗu nan huɗu can, muninsa bai ragu ba, amma wallahi ban taɓa ganin abin da ya yi min kyau kamarsa ba. Ya bi shi da yatsu lungu-lungu, ko ƙwarzane babu. Sai na nuna gudumar na ce, "Wannan fa?"

"Bon, hwashe shi za ni yi, ya hi sauƙin shiga durom," in ji Alhaji. "Jiya har na ɗauki guduma, sai waya ta shigo, hwasinja zuwa hilin jirgi. Na ce to sai Lahadi."

Maigidana ya juya gabas ya kai goshinsa ƙasa a kan kafet ɗin mutane. Ni kuwa dariya ta ƙwace min, hawaye na zuba, na kasa tsayar da ko ɗaya. Wani nauyi da na ɗauko tun daga kicin ya sauka gaba ɗaya, har na ji yunwa. Ban san wane fasinja ne ya kira Alhaji ranar nan ba, amma har yau ina sa shi a addu'a.

Da muka natsu muka ba su labari, Alhaji ya yi ta salati, matarsa ta riƙe baki. Maigidana ya miƙe ya ce to bari mu kama mu sauka da shi. Sai Alhaji ya ɗora hannu a kan bulok ɗin.

"Yi haƙuri, Injiniya. Ba ni iya ba ku shi."

Muka tsaya cirko-cirko.

"Na yarda da maganarku, wallahi na yarda. Amma Hajiya ta ba ni. Ita za ta ce in maida. In na ba ku ba da saninta ba, gobe da wane ido zan dube ta?"

Maigidana ya roƙe shi. Ya ce tsohuwa ce, baƙuwa ce a gidansa, in ta ji abin da ta kusa jawowa kunya za ta hana ta sakewa har ta koma. Ya ce a bar ta da farin cikinta, shi zai nemo wani alminiyom ɗin a aika a madadin wannan. Alhaji yana ta gyaɗa kai, hannunsa kuma bai ɗaga ba. Na so in yi masa masifa, sai na tuna wannan taurin kan ne ya hana bulok ɗin shiga jirgi. Na ɗauki wayata na shiga kicin ɗin matarsa.

Na gaya wa Inna komai, a hankali yadda na iya.

"Amanar mutane ce?" ta ce.

"E, Inna."

"Shi mai gidan tun safe ya sani, ya yi shiru?"

"Ya ce kada a ɗaga miki hankali."

Sannan ta ce, "Ba ni Alhaji."

Ban ji abin da ta faɗa masa ba, gajere ne. Alhaji dai yana tsaye har da rusunawa, yana cewa, "To, Hajiya. To. An gama." Shi da maigidana suka sauko da bulok ɗin, ya kawo mana shi har gida a motarsa. Matarsa ta ce mu tafi da bargon, ya riga ya sha baƙin mai.

Ranar nan Inna ba ta fito daga ɗakinta ba sai da la'asar. Maigidana ya fi damuwa da wannan fiye da yadda ya kamata, yana ta aikena in duba ko ta ci abinci. Da ta fito ta same ni ina yanka albasa, ta tsaya a bayana ta ce, "Ranar da mutumin nan ya dawo, ki kai ni."

Na ce ai ba sai ya sani ba, tunda ba abin da ya samu kayansa.

"Ke," in ji ta. "Kayansa ya kwana a gidan da bai sani ba, a kan maganata. Daga bakina zai ji."

Ba sai da na kai ta ba, shi ya zo. Ranar da 'yarsa ta ɗauko shi, ko gidansa bai shiga ba, ya dafa ƙarfen da aka ba shi na koyon tafiya ya ratso ciyawa a hankali har garejinmu. Maigidana ya ɗaga ƙofa. Dattijon ya tsaya yana kallon manyan furannin nan ja da ruwan ɗorawa.

"Wa ya rufa masa bargo?" ya tambaya.

Inna ta fito da mayafinta ta tsaya daga bakin ƙofar da ke shiga gida. Maigidana ya sunkuyar da kai ya matsa jikin bango. Ni ce tafinta. Ta faɗa masa tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba, har da guduma. Na so in sassauta wasu wuraren a Turanci, amma ta kafa wa bakina ido kamar tana jin harshen, dole na faɗa yadda ta faɗa.

Dattijon ya dubi bulok ɗin. Ya matsa, ya ɗaga bargon, ya zura hannu ta bayan bulok ɗin yana lalube. Daga baya ya nuna mana abin da yake nema: wani ɗan tudu mai siffar babban yatsa, inda mahaifinsa ya danna yashin kafin a zuba. Da yatsansa ya sauka a kai sai ya rufe ido. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce. Ya yi ta yi har sai da ya dafe ƙugunsa, 'yarsa tana cewa ya bi a hankali.

"Tukunya!" in ji shi. "Mutane sun zo da motoci masu tsada suna roƙona, ita kaɗai ce ta san abin da za ta yi da shi. Tambaye ta, yaya suke zubin a can?"

Inna ta nuna masa da hannuwanta: yadda ake danna ƙasa mai laima a kewaye da tukunya, a daddaɓe, a ɗaga a hankali, a haɗa, a zuba. Dattijon ya daina dariya. Ya ce haka mahaifinsa yake yi da hannuwansa a kan teburin cin abinci idan yana ba su labarin aiki, daidai haka. Idanunsa suka kawo ruwa, bai damu ya goge ba. Ya ce a bar wa bulok ɗin bargonsa. Sannan ya juya ga maigidana ya miƙa masa hannu, ya ce "amana" da irin lafazinsa, ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba. Sai a lokacin na ga maigidana ya yi numfashi irin na mai rai.

Bayan 'yan kwanaki dattijon ya aiko shi da wani kwali cike da fasassun fistin da tsofaffin kayan alminiyom da ya tara a garejinsa, ya ce a kai wa Mama, wannan na narkarwa ne. Maigidana ya ajiye kwalin a bakin falo, ya gaya wa bango saƙon, Inna ta amsa wa bango da godiya. Alhaji ya zo ya ɗauka. Inna ta koma gida kafin sanyi ya shigo.

Har na manta da zancen, sai wata rana ga Alhaji da ƙunshi a buhu. Tukunya ce, babba, mai kauri, sai da hannu biyu na iya ɗaga ta. Gindinta bai zauna a kan kukar lantarkina ba, daga baya sai murhun gas muka saya mata a bayan gida. Na juya murfin, sai ga sunana a jiki, manyan baƙaƙe, an zuba shi tare da murfin yadda masu zubi kan yi. Na ce wa Alhaji ya kyauta da ya sa aka rubuta.

"Ba ni ba ne, Madam," in ji shi. "Hajiya ce. Tun ranar hwarko cikin gareji, da ta ba ni wancan ƙarhen. Ta ce a sa suna bisa murhi. Na ce wane suna? Ta duba ko akwai kowa, sannan ta hwaɗi. Har ta maimaita, kada in yi kuskure."

Na zauna a kan matakala da murfin a cinyata, na yi kukana son raina, Alhaji ya juya baya yana duba tayar motarsa. Da na share fuska na kira gida. Aka kai mata wayar.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna. Tukunya ta iso."

"To. Ki wanke ta sosai, ki fara tafasa ruwan tsamiya a ciki ki zubar. In kin yi girkin farko, ki zuba wa dattijon nan kafin kowa."